Ranar da Na Sa Sabon Gero a Turmi

Duwatsun da ke bayan ƙauyenmu yanzu rabinsu babu. Tun shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa aka zo da manyan motoci ana fasa su da nakiya, ana kwashe tsakuwar ana shimfiɗa titi, har yau kuma ba a daina ba. A da akwai wani falalen dutse a cikinsu wanda idan ka ƙwanƙwasa shi sai ya yi amo kamar ƙarfe, amon ya tafi ya dawo. Iyayenmu sukan hana mu taɓa shi, suna cewa ba kai kaɗai kake jin sa ba. Bana na binne maigidana, kuma da na duba cikin masu zaman makoki ban ga mutum ɗaya da ya taɓa jin amon dutsen nan ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani, da ɗan karatun da na samu a ajin manya, tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

Mu ne waɗanda maƙwabtanmu suke kira Maguzawa. Gidajenmu 'yan kaɗan ne a gindin duwatsu, tsakanin hanyar Sara da ta Birnin Kudu, kewaye da garuruwan Musulmi da rugagen Fulani. Muna zaune lafiya da su. Su sayi dawarmu, mu sayi nononsu, su yi mana dariyar giya, mu yi musu dariyar azumi, kasuwa ta tashi kowa ya kama hanyarsa. Abin da ya raba mu da su shi ne jigo, wato wani ice mai rassa uku da ake kafawa a bayan ɗakin maigida, da 'yar tukunya a kife a gindinsa. A nan ake yi wa kan gida yanka. Kan gida shi ne iskan da ke tsaron zuriya, yana kuma cin ta idan an saɓa masa. Yana da suna, amma ba a faɗa. Maigida kaɗai ya san shi, shi ma raɗa shi yake yi, kuma sai ya ga mutuwa ta matso sannan yake sa shi a kunnen babban ɗansa. Mu mata ko wucewa ta wajen jigon ba ma yi. Kaji ma na lura ba sa tono a wurin.

Gidan da aka kai ni aure shi ne babban gida a ƙauyen, don haka jigonmu kowa yake jira. Idan gero ya nuna, ba mai yanke zangarniya ɗaya, ba yaron da zai gasa tumu, ba macen da za ta sa sabon hatsi a turmi, sai an zuba jinin jan zakara a jigonmu, maigidan ya raɗa sunan. Tsofaffi sun ce macen da taɓaryarta ta riga jini ƙara, kan gida yana bin ƙarar har ya zo bayanta, abin da ya tarar a goye kuwa rabonsa ne. An sha nuna mana wata tsohuwa a ƙauyen da ba ta da ɗa ko ɗaya, a ce da mu ta taɓa yin gaggawa. Ba mu taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa musantawa ba.

A shekarun da aka sauke tutar Turawa, wani malamin magani yakan zo kasuwar Sara a kan keke. Bahaushe ne kamarmu. Yakan zauna a gindin bishiya ya ba kutare ƙwayoyi, ya wanke wa mutane gyambo da hannunsa, in ya gama ya yi musu maganar Yesu Almasihu. Maigidana ya kai uwarsa, wadda muke kira Iya, karɓar maganin ido, sai ya riƙa komawa ko da idon ya warke. Wata rana muna dawowa daga gona ya tsaya a hanya, ya duba gaba ya duba baya, ya ce mini ya ba da kansa ga Yesu. Na ce masa to, ya riƙe abinsa a ciki, kada ubansa ya ji. Haka kuwa aka yi. A gona yake addu'arsa, a tsugune cikin dawa, inda ba mai ganinsa. Daga baya ya koya mini, ni ma na riƙa yi a zuci lokacin da nake wanke-wanke. Na ji daɗinta ƙwarai, amma ko motsa leɓe ba na yi.

Ana tsakiyar damina surukina ya kwanta ciwo. Ranar da zai cika ya sa aka kira babban ɗansa, wato maigidana, ya jawo kansa ya sa baki a kunnensa. Ina bakin ƙofa da ƙwaryar kunu a hannu, na ga fuskar maigidana lokacin da ya ɗago. Tun daga ranar yakan riƙa girgiza kai yana sosa kunnen nan, kamar wanda ƙwaro ya shigar masa. A lokacin ina goyon 'yata ta fari, ba ta ko fara zama ba. Ba zan rubuta sunanta ba, 'yar fari ce, har yau bakina bai saba ba.

Gero ya nuna, tsohon hatsi ya ƙare a rumbuna, maigidana kuwa bai taɓa wuƙa ba. Kullum sai ya ce gobe. Yaran yanzu ba za su gane abin da nake nufi da shiru ba, domin su sun tashi da injin niƙa da rediyo da babur, ko ba kowa a gari akwai abin da ke ƙara. Mu ƙarar garinmu ita ce taɓarya. Da ita muke tashi, da ita muke sanin wane gida aka yi baƙi, wace ce ta yi fushi da miji, wace ce ta tashi daga jego. To, taɓarya ta yi shiru a ƙauyen gaba ɗaya. Turame suna kife a jikin danga. Muna dafa tafasa da rama muna ci ba tuwo, yara suna zaune a inuwa ba sa wasa. Ga gero a bayan gida ya yi nauyi har yana sunkuyar da kara, tsuntsaye suna ci, mu muna kallo. Da tsakar rana, lokacin da inuwar mutum take shigewa ƙarƙashin ƙafarsa, shirun yakan yi kauri har ka riƙa jin numfashinka. A irin wannan lokaci na sha jin kamar wani yana zagaya rumbunmu a hankali, ƙafa ɗaya tana ja. In na leƙa ba kowa. Iya ma tana ji, domin nakan ga ta daina kaɗa zarenta ta kasa kunne, amma ba mu taɓa yi wa juna maganar ba.

Wata Bafillatana da ta saba kawo mana nono muna ba ta hatsi ta shigo cikin wannan shiru da ƙwaryarta a ka.

"Salamu alaikum. Kai! Ke Bamaguza, mutuwa aka sake yi muku, ko giyar ce ta kwantar da ku gaba ɗaya?"

"Sauke ki huta, Bafillatana. Yau ba hatsin musaya."

"Ga gero har yana neman shigo muku ɗaki, ki ce ba hatsi? Lalacin naku ya kai haka?"

Na gaya mata abin da ake jira. Ta dube ni, ta dubi bayana, ta rage murya. "To shi mijin naki wa yake bi? A kasuwa an ce kullum yana gindin mai keke, a nan kuma kun ce shi ne mai wuƙa."

Na ce ban sani ba.

"Allah ya sawwaƙe," in ji ta. "Mu in an kira salla, har shanunmu sun san mu su wane ne." Ta zuba mini nono a moɗa ta ce in sha saboda yarinyar, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita da sauri, ba ta ko tsaya gaisawa da Iya ba.

Ƙanen surukina, wanda muke kira Baba Ƙarami, shi ne babba da ya rage a gidan. Mutum ne mai haƙuri, shi ya koya wa maigidana riƙon garma, yana kuma son sa kamar shi ya haife shi. Ya zo ya same shi a zaure, ni kuma na kawo musu ruwa, ban yi saurin fita ba.

"Ɗana, ba na tambayar ka abin da ke cikinka," in ji shi. "Na sani. Kowa ya sani. Ka bi Yesun naka, wa ya hana ka? Ni zan riƙe wuƙar, kai ka ɗora hannunka a kan nawa, ka raɗa sunan, shi ke nan. Bayan ɗaki ne, ba mai gani."

"Baba, ni zan gani."

"Kai za ka gani! Yara suna cin ganye kamar awaki, kai kana maganar gani. Gobe da hantsi zan tara mutane, zakara yana nan a ɗaure. Kada ka sa in ji kunya a gaban kabarin ɗan'uwana."

Washegari da sassafe maigidana ya ce in raka shi gona. Raɓa ta jiƙa mana ƙafafu, yarinyar tana barci a bayana. Ya tsaya a tsakiyar geron ya ce mini yau zai faɗa a gaban kowa, zai kuma yanke gero ya kawo gida. Sannan ya daɗe yana murza zangarniya a hannu.

"Amma namiji ba ya daka," ya ce. "Ni da baki kawai zan iya faɗa, su ce yunwa ce ta taɓa mini kai. Abin da zai sa su san da gaske ne yana hannunki. In kin ƙi, ba zan ga laifinki ba."

"Maigida, ka san abin da ke bayana."

"Na sani. 'Yata ce."

"To me zai hana mu gasa tumu a nan mu ci, mu share bakinmu? Ko mu tafi Zandam wajen ƙanwarka har kaka ta wuce?"

"Mu ci mu kaɗai, sauran fa? Mu tafi, su zauna suna jiran hannuna har geron ya zube?" Ya sosa kunnen nan nasa. "Tun da Baba ya sa mini abin nan ban yi barci mai daɗi ba. Suna biyu ne a kaina, kowanne a ɓoye. Shi wanda nake bi ba a bayan ɗaki ya mutu ba. A kan tudu aka rataye shi, da rana, uwarsa tana kallo."

Na juya na koma gida.

Rana ta kusa kaiwa tsaka lokacin da ya shigo. Maza suna zaune a ƙofar gida, Baba Ƙarami a tsakiyarsu da jan zakara a ɗaure, mata sun tsaya a bayan danga. Da aka ga damin sabon gero a kansa sai wata mata ta yi ƙaramar ƙara ta toshe bakinta. Ya sauke damin a gaban dattawa, ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka saba, sannan ya miƙe. Ba mutum ne mai ɗaga murya ba, amma ranar har na ƙarshen layi ya ji.

"Iyayena, na daɗe ina ɓoye muku, na kuma jawo muku yunwa da ɓoyon nan. Ku gafarce ni. Ni na Yesu Almasihu ne. Ba zan zuba jini a jigo ba, yau ko gobe. Sunan da Baba ya sa mini a kunne ba zan kira shi ba, ba kuma zan sa shi a kunnen kowa ba. Geron nan Allah ne ya ba mu, na gode masa, gidana zai ci. In akwai abin da zai biyo baya, ga ni, ya san inda nake."

Baba Ƙarami ya sunkuyar da kai. Zakaran ma ya daina fiffika. Maigidana ya ɗauki damin ya shigo tsakar gida ya ajiye kusa da turmi, bai dube ni ba, ya koma gefe ya tsaya.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na ji nauyin yarinyar a bayana, da ɗumin kumatunta a kafaɗata. Na ga idanun mata ta kowace kafa ta danga. Zan iya kwance ta in ba wata ta riƙe, amma wa zai karɓa, kuma in na kwance ta, me na faɗa ke nan? Na ƙara ɗaure majanyi. Na birkito turmi, na karya zangarniyu na zuba, na ɗauki taɓarya. Da na ɗaga ta sai na ji bakina ya buɗe da kansa, na ce da ƙarfi, "Ni ma ta Yesu ce!" Na sauke.

Ƙarar ta tafi ta daki duwatsu ta dawo. Na sake bugawa, ta sake dawowa. A ranakun da kowa ke daka ba ka jin amsawar dutse, amma ranar taɓarya ɗaya ce a duk ƙauyen, sai ya zama kamar wata ce a can bayan dutse take daka, tana jira in buga ta amsa. Ina bugawa tana amsawa, kuma a kunnena amsar tana ƙara matsowa. Yarinyar ba ta motsa ba, ita da ko tari aka yi sai ta farka. Sai na ji tafiya a bayana, a hankali, ƙafa ɗaya tana ja. Ban juya ba. Na ci gaba da bugawa ina kiran sunan Yesu, hawaye suna shiga mini baki.

"Matsa," aka ce.

Iya ce, da tsohuwar taɓaryarta a hannu. "Matsa mana, yarinya. A gidan nan ba a sussuka da hannu ɗaya. In ƙara yake bi, sai ya zaɓa. Ni bayana ba komai sai ƙashi."

Muka yi ta yi ni da ita, in na ɗaga ta sauke, har amsar dutsen ta ɓace a cikin namu. Muka sheƙe, muka surfa, muka daka, na dama kunu a kan idon kowa. Maigidana ya ɗauki ƙwaryar ya fita ƙofar gida, ya yi godiya ga Allah da murya a sarari, ya sha. Ya miƙo mini na sha. Iya ta karɓa ta sha, ta ce kanwa ta yi yawa.

Har lokacin yarinyar ba ta farka ba. Rana ta karkata, inuwar danga ta yi tsawo, mutane ba su watse ba, kuma na san abin da suke jira. Na kasa kwance majanyin. Na zauna a kan turmi ina ƙoƙarin jin numfashinta ta bayana, amma bugun zuciyata ya hana ni ji. Can wajen la'asar Iya ta zo ta kwance da kanta, ta ɗauke ta ta juya ta. Jikinta sharkaf da gumi, idanunta a rufe, hannunta ya saki. Iya ta hura mata iska a fuska. Shiru. Ta sake hurawa. Sai ta yamutsa fuska, ta yi atishawa, ta ɓarke da kuka.

"Yunwa take ji, 'yar banza, kamar kowa," in ji Iya, ta dangwara mini ita a cinya.

Kafin rana ta faɗi na ji taɓarya a gidan da ke gabas da mu, tana yi tana tsayawa kamar mai jin tsoro. Daga nan wata ta kama, sai wata. Ba zan ce duk sun bi abin da muka bi ba. Kaɗan ne suka bi, wasu daga baya suka musulunta, Iya kuwa har ta rasu ba ta shiga ruwan baftisma ba. Ba kuma zan ce ba komai a jigon nan ba, domin ni na ji abin da na ji, kuma Iya ba ta jan ƙafa. Abin da na sani shi ne, duk watannin da muka yi muna addu'a a ɓoye ba su sa ko loma ɗaya a bakin yaro ba, ba su kuma rage mana tsoro ba. Jikokina na yanzu wasu suna sauya suna in za su nemi aiki a birni, wasu kuma suna liƙa takarda mai sunan Yesu a jikin mota suna ganin sun yi shaida. Ba na zagin kowa a cikinsu. Amma faɗa a fili, yadda na san shi, shi ne ka faɗa a gaban waɗanda kake ci da su a ƙwarya ɗaya, kana sane da abin da zai iya ci maka.

Mu abin da ya ci mana shi ne Baba Ƙarami. Kashegari da hantsi na gan shi ya fito daga bayan ɗaki da jigon a kafaɗa, ƙasa tana zuba daga gindinsa, tukunyar a hammata. Matansa da 'ya'yansa suna gaba da kaya a ka, sun nufi bayan duwatsu. Maigidana ya durƙusa a hanya yana roƙonsa, Baba Ƙarami ya kewaye shi kamar bai gan shi ba. Da ya zo daidai inda nake zaune sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallon yarinyar.

"Tana shan nono?"

"Tana sha, Baba."

"Da kyau," ya ce. "Ki rufe mata kai, rana ta yi zafi."

Ya gyara icen a kafaɗarsa ya wuce. Ba mu sake ganinsa ba.